Me ake nufi da "shan batir" a mota?

Idan mai wayarin ya duba motarka ya ce "wani abu na shan batir", nufinsa akwai na'urar da ke ci gaba da jan wuta bayan ka kashe inji ka zare makulli. Alamar sananniya ce: an ajiye mota lafiya lau bayan isha'i, da safe a murɗa makulli sai ƙas-ƙas, sai an tura ko an yi mata joni da wata motar.

Kowace mota tana jan 'yar wuta ko tana ajiye. Agogo, ƙwaƙwalwar rediyo, kwamfutar inji da na'urar da ke sauraron rimot duk ba sa mutuwa gaba ɗaya. A yawancin motoci wannan ba ya wuce miliamfiya 50 (miliamfiya dubu ne amfiya ɗaya, ma'aunin yawan wutar da ake ja), kuma lafiyayyen batir zai ɗauke shi har makonni. Amma a ce wani abu na jan rabin amfiya, wato ninki goma na wancan, dare da rana. A batir mai amfiya-awa 60 (60Ah), cikin kwana 3, wato awa 72, an kwashe 36, fiye da rabi ke nan. Kamar randa ce mai tsaga a gindi, ko ka cika ta da yamma ba za ka same ta a cike da safe ba.

A Gusau da Kaura Namoda yanzu da wuya ka ga matashi ya sayi mota bai ƙara mata komai ba: rediyo mai allon Android, amfilifaya da wufa a but, fitilun ado, kyamarar baya, ga tiraka, na'urar bin sawun mota, saboda ɓarayi. Kayan ba su da laifi, yadda ake jona su ne matsalar. Ɗauki rediyo. A bayanta akwai waya ruwan ɗorawa, wadda ke son wuta kullum don kada ta manta tashoshi, da ja, wadda bai kamata ta sami wuta ba sai an murɗa makulli. Yaron shago mai gaggawa sai ya murɗe su wuri ɗaya ya ɗora kan wayar da ba ta ɗaukewa. Allon zai yi duhu, ka ɗauka ya mutu, alhali cikinsa na aiki har gari ya waye. Haka amfilifaya: tana da siririyar waya, galibi shuɗiya mai ratsin fari, da ke faɗa mata ta kunna ko ta kashe. In aka kai ta ga wuta mai ɗorewa, ka taɓa jikin amfilifayar da asuba za ka ji ɗumi.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake gaggawar cewa mutum ya sayi sabon batir ba a auna komai ba. Awon kuwa ba wuya. Da farko a tabbatar batirin da cajinsa lafiya suke: cikakken batir na nuna kusan bolt 12.6 inji a kashe, in an tayar kuma altaneta, wadda ke caja shi, ta kai shi tsakanin 13.5 da 14.5. Daga nan a kashe komai, a zare makulli, a rufe ƙofofi. A cire kan batir na nagatif, a sa mitar awon wuta a ma'aunin amfiya 10 tsakanin kan da wayarsa, sannan a jira kamar minti 30, domin kwamfutocin motocin zamani ba sa yin barci nan take. Kada a kuskura a tayar da mota mita na jone, fiyus ɗin mitar zai ƙone.

In lambar da mitar ta nuna ta yi sama, sai a riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya har a ga wanda ya sa ta faɗi. Sai dai a nan mutane da yawa ke ɓata, don kayan ƙari sau da yawa ba sa bi ta akwatin fiyus, kai tsaye ake jawo su daga kan batir. Shi ya sa ya fi a fara da su: a bi duk wata baƙuwar waya mai naɗin salatif, a cire ta a kalli mita. In an cire duka lambar ba ta sauka ba, a duba altaneta, domin dayod ɗinta, wanda ke hana wuta komawa baya, in ya lalace yakan bar wuta ta riƙa komawa ta cikinta.

Wasu sun mayar da cire kan batir kowane dare al'ada. Yana hana turi da safe, amma tirakar da aka sa don tsaro ta koma dogaro da ɗan batirinta, wanda ba ya jimawa. Kuma batirin mota ba a yi shi don ya riƙa sauka ƙasa ƙwarai ba. Duk saukar da ya yi, farantan cikinsa na rage ƙarfi. Haɗa wannan da zafin Afrilu na Zamfara, da ke haura digiri 40, sai sabon batir ya gaji tun garantinsa bai ƙare ba. Gyaran kuwa sau da yawa mayar da waya ɗaya ne kan layin makulli, ko a sa rile, makunnin da ke ba da wuta sai an murɗa makulli, da fiyus ɗin da ya dace.