Amortisar tsohuwar mota: wacce za ka saya idan aljihu ba nauyi?

Yawancin Starlet, Corolla da Carina da ke yawo a Maradi sai da suka gama bautarsu a Turai kafin jirgin ruwa ya sauke su a Kwatano ko Lome. Injinsu yana da ƙwari, ba a musu. Abin da hanyoyinmu ke fara cinyewa ƙafar motar ce, musamman amortisa, wadda 'yan'uwanmu na Jibiya da Katsina ke kira shakazoba. Ga tambayoyin da masu irin waɗannan motoci suka fi yi.

Motata ta fara rawa a hanya. Yaya zan gane amortisa ce?

Mutane da dama suna zaton amortisa ce ke ɗaukar nauyin mota. Rasor ne ke ɗauka, wato ƙarfen nan da ke lotsawa ya dawo. Ita aikinta kashe lilo: bututu ne mai ɗauke da mai, da sanda mai fistin a ciki, man yana matsewa ta ƙananan huda, shi ya sa mota ba ta ci gaba da tsalle bayan ta faɗa rami. Ajiye motar wuri mai daidai, ka danna kusurwa ɗaya da ƙarfinka duka, ka saki. In ta tashi ta zauna, da sauranta. In ta yi lilo biyu ko uku, ta mutu. Sai dai wannan gwaji wadda ta mutu murus yake kamawa, wadda ke jinya tana iya tsallake shi. Don haka ka duƙa ka leƙa bayan taya. Ɗan gumin mai a saman bututu ba komai ba ne, amma in ka shafa yatsa ka ɗebo baƙin caɓi, mai da ƙura sun haɗu sun gangaro har ƙasa, ta zubar da jininta. Sauran alamu: gaba yana nutsewa in ka taka birki, taya tana cinyewa tudu-tudu, kuma a gargadar jar ƙasa bayan motar yana zamewa gefe kamar jakin da bai son kaya.

Me ya sa ta gaba ta fi tsada?

A ƙananan motocin Toyota, har da tsohuwar Peugeot 504, amortisar gaba tana cikin rasor, kuma ita ce ke riƙe da kan taya, tana juyawa tare da sitiyari. Tsarin MacPherson ke nan, sunan injiniyan Amurka da ya fito da shi. Ƙarfenta ya fi kauri, aikin kwance ta ya fi yawa, kuma sau da yawa ta dama daban ta hagu daban. Ta bayan Hilux kuwa bututu ne zalla, ƙusa sama ƙusa ƙasa.

Sabuwa zan saya, ko ta kas, ko in kai a cika mini tawa?

Nan ne kuɗin mutane ke ƙonewa.

Cikawa dai a bar ta. Abin da ake yi shi ne a huda bututun, a ɗura mai, a toshe da walda, a fesa baƙin fenti. Robar da ta bar man farko ya tsere tana nan yadda take, bawul ɗin ciki da suka gaji ba a taɓa su ba, man da aka ɗura ma ba irin nata ba ne. Sati biyu tana da tauri kamar icce, kana murna, daga nan sai ta koma gidan jiya. Abin haushin, irin waɗannan ne wasu ke jerawa a gaban shago da sunan kayan waje. Ka juya ta a hannu ka nemi ɗigon walda a ƙarƙashin fentin.

Ta kas, wato wadda aka ciro daga motar da aka yanka a waje, caca ce. Za ka iya dacewa da ta asali mai sauran rai, amma ba wanda zai faɗa maka kilomita nawa ta ci, alhali KYB, kamfanin da ke ƙera amortisa, da kansa yana ba da shawarar canji wajen kilomita 80,000. In dole ce ta sa, ka tsayar da ita tsaye, ka danna sandar ƙasa ka ja sama sau uku ko huɗu. Ta riƙe hannunka daga farko har ƙarshe, ba wurin da za ta saki fayau, ba gurgura a ciki. Sandar ta kasance sumul kamar madubi, ko ɗigon tsatsa guda zai yage roba. Kuma ku yi magana da mai kaya a gaban shaida cewa in ba ta yi ba za ka maido.

Ni a ganina, ga motar da ke kai yara makaranta kullum ko take taksi, sabuwa matsakaiciya ta fi. KYB ta Japan, Monroe ta Amurka, Sachs ta Jamus, duk suna da samfurin da ya yi daidai da wanda motar ta fito da shi. Bilstein kaya ne mai kyau, amma ɗora ta kan Starlet mai shekara talatin kamar sa wa jaki sirdin sarki ne. Matsalar sabuwa ita ce jabu, kuma sunan da ya fi shahara shi aka fi kwaikwaya. Lambar da ke kan kwali ta zo daidai da wadda ke jikin ƙarfe, walda ta yi tsabta. In kuma an yi maka farashin da ya yi ƙasa sosai da na sauran shaguna, ka tuna araha ba ta ado.

Mai gas ko mai mai?

Duka akwai mai a ciki. Wadda ake kira mai gas an ƙara mata iskar nitrojin ne don kada man ya yi kumfa in ya yi zafi. Mai tafiya Dakoro ko ƙauyukan Madarunfa, inda amortisa ke aiki ba hutu cikin zafin bazara, gas ta fi masa. Mai yawon cikin gari kawai, ta mai ta isa, ta ma fi laushi.

Ɗaya ce ta mutu. Dole sai na canza biyu?

Dole. Dama da hagu tare suke tafiya, kamfani ɗaya, shekaru ɗaya. Sabuwa a gefe, gajiyayya a gefe, mota ba ta zama daidai a kwana da wajen birki. In kuɗi bai kai huɗu ba, ka yi biyun da suka fi lalacewa. In duk sammakal ne, fara da gaba, baya ta jira albashi.

Ina ɗaukar kaya ranar kasuwa. In sa mai tauri za ta ɗaga bayan motar?

A'a. In buhu uku na gero sun sa bayan mota ya durƙusa, rasor ne ya gaji, ko kuma kayan sun fi ƙarfin motar. Sabuwar amortisa a ƙarƙashin mataccen rasor kullum tana dukan ƙasanta, ba za ta ga damina biyu ba.

Me zan lura da shi ranar saye da ranar ɗaurawa?

Kada ka je shago ka ce "Alhaji, ba ni ta Corolla." Corollar Turai da ta Amurka ba lallai kayansu su zo ɗaya ba, ko da shekararsu guda. Tafi da lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, tana kan takardar motar, ko ka ɗauki tsohuwar a buhu ku jera su.

A gareji kuwa ka samu benci ka zauna. Robar nan mai lanƙwasa-lanƙwasa da ke rufe sanda, in ta yage a sa sabuwa. Kuɗinta kaɗan ne, kuma ita ce ke tsakanin sandar da rairayin Maradi, wanda ke goge ƙarfe kamar sanfefa. A duba kan amortisa na sama, mai roba da boris, domin sau tari ƙwas-ƙwas ɗin da kake ji daga can yake fitowa. In ka ga yaron gareji ya kama sandar mai sheƙi da filaya zai ɗaure noti, ka tsayar da shi, ka ce "Maigida, zo ka gani," don tabon haƙorin filaya zai ci robar da ke tare mai cikin 'yan makonni. Rasor kuma da abin matse shi ake kwancewa. Na taɓa ganin an ɗaure shi da igiyar roba, ya kubce, ya huda kwanon rumfa.

Ƙusoshin da ke cikin roba sai an sauke mota ta tsaya kan tayoyinta ake yi musu ɗaurin ƙarshe. Bayan an canza ta gaba, ka wuce wajen masu saita tayoyi kafin ka hau hanyar Damagaram.