Kwarkwasa da danginta: asali da yaɗuwar iri

Kwarkwasa tururuwa ce mai farauta a cikin runduna, wadda masana ke kira Dorylus, kuma ta fi yawa a kurmin Afirka ta Tsakiya da ta Yamma, ko da yake ana samun wasu nau'o'inta a Asiya. Tana da takwarori a kurmin Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, waɗanda mafi shahara a cikinsu ita ce Eciton burchellii. Abubuwa uku ne suka haɗa su: farauta a taro, yawan ƙaura, da sarauniya marar fiffike wadda ba ta iya kafa gida ita kaɗai. Ma'aikatan kwarkwasa, wato tururuwan da ke fita farauta da yin aikin gida, makafi ne, ƙamshi suke bi, kuma gida ɗaya na wasu nau'o'in yakan haura ma'aikata miliyan 20.

Tarihin bincike

Namijin kwarkwasa babba ne mai fiffike da dogon ciki, shi ne wanda yakan faɗo wa fitila da dare yana ta jan ciki a ƙasa, kuma ko kusa bai yi kama da ma'aikata ba. Saboda haka ne masanin halittu Linnaeus, a 1764, ya lissafa shi cikin dangin zanzaro, kafin masanin ƙwari Fabricius ya raɗa sunan Dorylus a 1793. An daɗe kafin a gane cewa wannan ƙwaro da rundunar da ke ratsa hanya 'yan gida ɗaya ne. Daga shekarun 1930 T. C. Schneirla ya yi ta bin rundunonin Eciton a tsibirin Barro Colorado na ƙasar Panama, inda ya nuna cewa suna ƙaura kusan kowane dare na kimanin mako biyu, sannan su zauna wuri ɗaya kimanin mako uku, kuma girman 'ya'yansu ne ke tsara wannan zagaye, ba ƙarancin abinci ba.

Asali

A 2003 Sean Brady ya nazarci ƙwayoyin gado, ya ce duk waɗannan tururuwai daga kaka ɗaya suka fito, kimanin shekaru miliyan 105 da suka wuce, tun Afirka da Amurka ta Kudu ba su gama rabuwa ba. A 2019 Marek Borowiec ya yi aiki da bayanai masu yawa fiye da na farko, ya samu cewa na Afirka da Asiya daban, na Amurka daban suka samo wannan salon rayuwa, kuma a zamanin da bai kai wancan nisa ba. Tun 2014 aka haɗe su duka a ƙaramin dangi ɗaya, Dorylinae. A 2022 aka bayyana wata ma'aikaciya da ta maƙale cikin daskararren ƙaron itace na yankin tekun Baltik da ke arewacin Turai, mai kimanin shekaru miliyan 35, abin da ya nuna cewa sun taɓa rayuwa a Turai.

Yaɗuwar iri

Sabon gida ba ya samuwa sai tsohon ya rabe biyu, sabuwar sarauniya ta tafi a ƙasa tare da rabin ma'aikata. Don haka gadon da ke bin tsatson uwa ba ya yin nisa, kogi ko filin da aka sare yana iya tare shi, alhali maza suna tashi su kai nasu gadon wasu gidaje. An ga wannan bambanci a binciken da aka yi kan Eciton burchellii a gaɓa biyu na mashigin ruwan Panama, da kan Dorylus molestus a Dutsen Kenya. Sarauniyar kowanne daga cikinsu tana barbara da maza fiye da goma a farkon rayuwarta, ta adana maniyyinsu har ƙarshenta, wanda hakan ke sa ma'aikatan gida ɗaya su kasance 'yan uba daban-daban. Namijin da ya sauka sai ya ratsa cikin ma'aikata kafin ya kai ga sarauniya.

Abin damuwa shi ne gidajen ba su da yawa ko a kurmi lafiyayye: a Barro Colorado, mai faɗin murabba'in kilomita 15, kimanin gida 50 ne kawai na Eciton burchellii. Idan aka daddatsa kurmi, sarauniya ba ta da hanyar ƙetarawa zuwa wani yanki, kuma tsuntsayen da ke bin runduna suna cin ƙwarin da ta koro sukan ragu tare da ita.