Waiwaye: Waya Ta San Inda Kake, Mai Nemanka Ne Bai Sani Ba

Tun bayan kifewar jirgin ruwan 'yan kasuwa a Goronyo cikin Agustan 2025, magana ɗaya ke ta dawowa a majalisun Sakkwato: me ke sa masu ceto ba sa isa wuri da wuri? Wasu sun ce rashin sabis ne, wasu sun ce ƙarancin kayan aiki. Haka aka yi ta faɗa a 2022 da kwale-kwale ya kife a Shagari, haka kuma ake faɗa duk ranar da makiyayi ko mai saran itace ya shiga daji bai dawo ba. Amma matsalar ta girmi wayar da ke aljihunmu.

Farkon tarihin sananne ne. Nutsewar Titanic a 1912 ta sa aka wajabta wa manyan jiragen ruwa sauraren kiran neman agaji dare da rana. A 1979 Amurka da Kanada da Faransa da Tarayyar Sobiyat suka haɗu kan tsarin Cospas-Sarsat, na taurarin ɗan'adam masu jin kukan na'urar neman ɗauki. A Satumbar 1982 ya yi cetonsa na farko: mutum uku da ƙaramin jirginsu ya faɗi a dajin Kanada. Duk wannan harkar jiragen sama da na teku ce, ba ta shafi ɗan kasuwar ƙauye ba.

Ranar da ta shafe shi ta zo shiru, ba ganga ba kakaki. Tsarin GPS, mai nuna wa na'ura inda take ta hanyar taurarin ɗan'adam, na sojojin Amurka ne, kuma shekara da shekaru da gangan suke gurɓata saƙon da farar hula ke kamawa, har na'ura kan yi kuskuren kusan mita 100. A farkon Mayun 2000 aka daina gurɓatawar. Dare ɗaya kuskuren ya koma 'yan mitoci. Ga wanda bai taɓa neman mutum cikin ciyawar damina ba, mita 100 ba komai ba ce. Wanda ya taɓa yi ya san za ka iya wuce ɗan'uwanka yana kwance, ƙishirwa ta hana shi ɗaga murya.

Ga inda mutane da yawa ke ruɗewa. GPS ba ya buƙatar sabis, ba ya cin kati. Taurarin suna can sama wajen kilomita 20,000 suna watso lokaci, wayar kuwa saurare kawai take yi. In ta kama guda huɗu, sai ta lissafa inda take. Wato wayar zamani da ke tsakiyar dajin Gundumi, inda ko sanda ɗaya ta sabis babu, tana iya sanin matsayinta. Abin da ba ta iyawa shi ne faɗa wa kowa. Sanin wuri daban, isar da shi daban, mu kuwa mun haɗe su duka cikin kalma ɗaya, "sabis".

Shekara guda bayan wancan sauyi, a 2001, wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya, murnarta ta rufe komai. A ganina nan muka raba hanya. Mun karɓi waya a matsayin baki, ba mu karɓe ta a matsayin mai nuna wuri ba. Wayoyin farko dai ba su da GPS, to, da masu shi suka yawaita, sabo ya riga ya zauna. Muka iya filashin, muka iya tura kati da hoton biki, amma mutum nawa ne a tashar kwale-kwale za su iya karanto lambobi biyun nan da ke nuna inda suke? Mutum nawa suka san gajeren saƙon tes kan sulale ya fita a wurin da kira ya ƙi shiga?

A da ma ba a bar abin haka ba. Fataken da ke ratsa Gundumi, dajin da ya yi suna da rashin ruwa, suna da madugu da jagaba, an san ranar tashinsu, an san zangon da za a jira su. In ba su iso ba, a bi sawu. Waya ta sa mun sassauta wannan, don kowa na ganin ai in wani abu ya faru zai kira.

Direbobin Sahara da suka samu hali sun riƙi wayar Thuraya, mai magana kai tsaye da tauraro, sai dai tsadarta ta fi ƙarfin talaka. A Oktoban 2013 aka tsinci gawawwaki 92 a hamadar arewacin Arlit a Nijar, yawancinsu mata da yara, bayan motocinsu sun lalace sun watsu neman ruwa. A lokacin an yi shekara 13 da daina gurɓata saƙon GPS.

Yanzu ana ta zancen sababbin wayoyi masu aika saƙon gaggawa ta tauraro, irin wanda iPhone ya fara a 2022 a wasu ƙasashe. Madalla. Amma ko yau aka kira lambar gaggawa ta 112 daga bakin Gulbin Rima, tambayar farko ita ce, "Malam, kana ina?" Amsar kuwa takan zama, "Wallahi ga ni nan wajen wata ƙatuwar kuka, bayan fadama."