Me ake nufi da ajiye bayanai a kan tef?

A ofishin da ke da kwamfutoci da yawa a haɗe da juna, ba a bin kowacce da filas ana kwafe fayiloli. Akan ware kwamfuta ɗaya, wato saba, a jona mata na'urar tef. Da dare, bayan ma'aikata sun tashi, sai sabar ta bi sauran kwamfutocin ta layin sadarwa, ta kwaso kwafin bayanansu ta zuba a kan tef. Na'urar tana iya zama a wani ɗaki, ko ma a wani gini can daban. Wannan shi ne abin da masu aikin ke kira bakof a kan tef.

Tef ɗin ɗan'uwan kaset ɗin rikoda ne: zare mai maganaɗisu a naɗe cikin ɗan akwati. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne LTO, da kamfanonin HP da IBM da Seagate suka haɗu suka ƙirƙiro. Na farko ya fito a 2000 yana cin gigabayit 100, LTO-9 na 2021 kuwa terabayit 18 yake ci.

Ba kullum ake kwafe komai ba. Galibi akan yi cikakken kwafi sau ɗaya a mako, sauran ranaku sai a ɗauki abin da ya canza kawai. Manhajoji irin su Bacula da Amanda, wadda aka fara rubutawa a Jami'ar Maryland ta Amurka, su ke tsara wannan.

Aibin tef jinkiri ne. In kana neman fayil guda, sai na'urar ta warware zaren har ta iso inda yake.

To me ya sa har yanzu cibiyar binciken kimiyya ta Turai, CERN, ke tara bayananta a kansa? Yana da araha idan bayanan na da yawa, kuma ana iya zare shi a kulle a kabad. A ganina nan ne ƙarfinsa yake. Muguwar manhajar da ke kulle fayiloli a nemi kuɗin fansa tana bin duk abin da ke jone, amma ba ta da hanyar isa ga tef ɗin da aka cire. Sai dai kabad ɗin ma ya kamata ya yi nisa da sabar. Lokacin da gobara ta cinye cibiyar bayanan kamfanin OVH a Strasbourg ta Faransa a watan Maris 2021, wasu abokan cinikinsu sun rasa asali da kwafi gaba ɗaya, domin duka biyun a wuri guda suke.