Waiwaye: Yadda Majalisar Dokokin Tsibirin Norfolk Ta Kafu Ta Kuma Rushe

Tsibirin Norfolk yana cikin tekun Pasifik, kimanin kilomita 1,400 gabas da Ostireliya, kuma mazaunansa ba su wuce dubu biyu da 'yan kai ba. Da yawa daga cikinsu jikokin mutanen tsibirin Pitcairn ne, zuriyar matuƙan jirgin ruwan Bounty da suka yi tawaye a 1789 da matansu 'yan Tahiti, waɗanda Birtaniya ta kwaso su 194 ta sauke a tsibirin ranar 8 ga Yunin 1856. Tun daga lokacin suke ɗaukar kansu al'umma ta daban, ko da yake an miƙa tsibirin ga Ostireliya a 1914.

Sai a 1979 majalisar tarayyar Ostireliya ta ba su 'yancin gudanar da harkokinsu na cikin gida. Aka kafa majalisa mai mambobi 9 da ake zaɓa duk bayan shekara 3, tana zama a tsohon barikin soja da ke Kingston, hedikwatar tsibirin, kuma daga cikinsu ake fitar da babban minista. Kowane mai zaɓe ƙuri'a 9 yake da ita, yana rarraba su ga 'yan takarar da suka kwanta masa.

Nauyin da aka ɗora wa wannan 'yar majalisa ya fi ƙarfinta, domin ita ke kula da asibiti da makaranta da kwastan da shige da fice, alhali mazauna ba sa biyan harajin kuɗin shiga ga Ostireliya, su kuma ba sa cin moriyar tsarin lafiya da fanshonta. Muddin masu yawon buɗe ido suna zuwa, asiri a rufe yake. Da tattalin arzikin duniya ya karye a 2008 baƙi suka ja baya, baitulmali ya bushe, har a 2010 Babban Minista David Buffett ya amince a shiga tsarin harajin Ostireliya domin a samu agaji.

A watan Mayun 2015, kashi 68 cikin ɗari na masu ƙuri'ar raba gardama suka nemi a bar musu ikon zaɓen makomarsu, amma gwamnatin Ostireliya ta yi kunnen uwar shegu. A watan Yuni aka rushe majalisar, a Yulin 2016 kuma aka maye gurbinta da ƙaramar hukuma. Masu adawa sun kai kuka Majalisar Ɗinkin Duniya a 2016, ita kuwa ƙaramar hukumar an sallami zaɓaɓɓun kansilolinta a 2021 saboda matsalar kuɗi, aka naɗa kantoma.