Tsakuwa a Gindin Tukunya Ba Ta Ceton Bishiyar Mapul

An daɗe ana gaya wa masu dasa mapul ɗin Japan, wata ƙaramar bishiyar ado, a tukunya cewa su fara zuba tsakuwa a ƙasa, wai don ruwa ya riƙa tsiyayewa. Wannan shawara ta kashe bishiyoyi da yawa, kuma abin yana damuna, domin masu yi da kyakkyawar niyya suke yi.

Ruwa ba ya barin ƙasa mai laushi ya faɗa cikin tsakuwa sai ƙasar ta jiƙe sharkaf. Ɗauki soso jiƙaƙƙe ka aza shi a kan duwatsu, za ka ga ya riƙe ruwansa. Haka ƙasar tukunya take. Tsakuwar tana ɗaga wurin da ruwa ke kwanciya ne zuwa sama, daidai inda saiwoyi suke. Saiwoyin mapul kuwa sirara ne, ba sa nisa, kuma suna buƙatar iska. Idan suka daɗe a cikin ruwa sai su yi baƙi su ruɓe, bakin ganye ya bushe, mai shuka ya zaci ƙishi ne ya ƙara ruwa.

Gyaran yana cikin haɗin ƙasar gaba ɗaya. A sa gutsattsarin ɓawon itacen fayin (pine, mai ganye kamar allura) da yawa, da ɗan takin ganye da ya ruɓe sosai, da farlait, wato farin dutsen nan marar nauyi. Mapul ya fi son ƙasa mai ɗan tsami, wato 5.5 zuwa 6.5 a ma'aunin tsami na pH. Kada a cika tukunya da ƙasar lambu zalla, musamman mai laka, don tana danƙarewa. A kuma tabbata hudar gindin tukunyar a buɗe take.