Awon Ƙugu ga Dattawa: Abin da Tef ɗin Tela Ke Nunawa Game da Zuciya

A ranakun da muke duba masu hawan jini, yawancin dattawa sikeli suke fara nema, kuma da zarar an ce nauyinsu bai ƙaru ba sai hankalinsu ya kwanta. Wani dattijo mai shekara sittin da bakwai ya taɓa hawa sikelinmu, nauyinsa kilo 65, tsawonsa santimita 165, wato a lissafin nauyi da tsawo ba shi da wata matsala. Da na roƙe shi ya ɗaga babbar rigarsa, sai ga hannuwa da ƙafafu sirara, amma tumbi ya yi gaba. Tef ya nuna santimita 99. Ya yi dariya ya ce, "Yarinya, ai wannan hutu ne." Na ce, "Baba, hutun nan ne nake so mu yi magana a kai."

Lissafin da aka fi sani shi ne wanda ake kira BMI, inda ake raba nauyin mutum a kilo da tsawonsa a mita, sannan a sake raba abin da aka samu da tsawon. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga 18.5 zuwa 24.9 daidai ne, daga 25 nauyi ya wuce kima, daga 30 kuwa ƙiba ce mai cutarwa. Wannan ma'auni yana da amfani, sai dai yakan yaudari mutum idan shekaru suka ja. Tsoka tana raguwa da tsufa, kitse yana maye gurbinta, sikeli kuwa bai san bambancin tsoka da kitse ba. Haka kuma tsawo yana raguwa saboda ƙashin baya yana matsewa ko ya ranƙwafa. Dattijuwar da ke da kilo 60 da tsawon santimita 158 lissafinta 24 ne, amma idan tsawonta ya koma 154 sai ya zama 25.3, alhali ko loma ɗaya ba ta ƙara a abincinta ba.

Shi ya sa muke mayar da hankali kan ƙugu. Kitsen da ke taruwa a cinya da ɗuwawu bai kai wanda ke taruwa a cikin ciki haɗari ba, domin na cikin yana kewaye hanji da hanta, yana hana jiki sarrafa suga yadda ya kamata, yana ƙara maiƙo a jini, kuma yana tafiya tare da hawan jini. Waɗannan su ne ke toshe hanyoyin jini sannu a hankali, har wata rana a ji an ce wane ya yanke jiki ya faɗi, ko ɓarin jikinsa ya shanye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da hanyoyin jini sun kashe kimanin mutum miliyan 17.9 a shekarar 2019, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na mace-macen sun faru ne a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita.

Awon ba ya buƙatar komai face tef irin na tela. Mutum ya tsaya a miƙe, ƙafafu kusa da juna, a cire kaya masu kauri, sannan a laluba ƙashin haƙarƙari na ƙarshe da kuma saman ƙashin kwankwaso, a zagaya tef ɗin a tsakiyarsu. Kada a matse har ya shiga fata, kada kuma a sake shi ya yi lilo. A karanta bayan mutum ya fitar da numfashi kamar yadda ya saba, ba tare da ya tsuke ciki ba (maza sun fi yin wannan dabara, sau da yawa ma ba su san sun yi ba). Kuskuren da na fi gani shi ne auna wurin da ake ɗaure wando, wanda ga mai tumbi yana can ƙasa da inda kitsen yake. Ya fi dacewa mace ta auna mace a wuri mai sirri, kuma 'ya ko jika za ta iya yi wa Hajiya a ɗakinta.

Ga namiji, haɗari yana fara ƙaruwa daga santimita 94, wato inci 37, ya yi tsanani daga 102, kimanin inci 40. Ga mace, adadin shi ne santimita 80 da kuma 88. A duba da kyau wane gefe na tef ake karantawa, domin teloli da inci suke aiki. Waɗannan alƙaluma daga binciken da aka yi a kan Turawa aka samo su, ana amfani da su ne a Afirka kafin a tsayar da namu, don haka ni na fi son wata hanya da ba ta damu da jinsi ba: ƙugu kada ya kai rabin tsawon mutum. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ba da wannan shawara a 2022. Ko tef ba a buƙata. A auna igiya daga kai zuwa ƙafa, a yanke, a ninka ta biyu, a zagaya ƙugu. Idan bakunanta suka kasa haɗuwa, lokacin zuwa asibiti ya yi. Dattijon da na ambata ƙugunsa kashi 60 cikin ɗari ne na tsawonsa, wanda ke cikin matakin haɗari mai yawa.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata a kiyaye. Ba kowane babban ciki ne kitse ba. Cikin da ya kumbura cikin 'yan makonni, musamman tare da kumburin ƙafa ko haki, yana iya zama ruwa ne daga ciwon hanta, ƙoda ko zuciya, kuma wannan na gaggawa ne. Sannan rama ma haɗari ce ga tsoho. Idan kaurin sharaɓa bai kai santimita 31 ba, alama ce ta ƙarancin tsoka, don haka ba a ɗora wa dattijo horon yunwa da sunan rage teɓa.

Tef ba ya tabbatar da ciwo, yana nuna wanda ya kamata a ƙara bincika ne. Wanda awonsa ya wuce a gwada masa hawan jini, a ga ko ya kai 140 bisa 90, a gwada suga, in da hali har da maiƙon jini. A gida kuma a rage sukarin shayi da na kunu, da lemon kwalba, da soye-soye, a kuma tsayar da gishiri ƙasa da giram 5 a yini, kusan ƙaramin cokali ɗaya, tare da lissafa wanda ke cikin dunƙulen miya. Tafiyar ƙafa ta minti 150 a mako tana taimakawa, kuma tafiya masallaci, kasuwa ko gona duk tana cikin lissafi matuƙar an ɗaga ƙafa. A rubuta awon da ranar da aka yi shi a bayan katin asibiti, a maimaita bayan wata uku, a zo da katin duk ranar da aka dawo ganin likita.